Ƙwan dama, hanyar hauni

A gidanmu na Tawa hannun hauni ba shi da daraja. In ka miƙa wa Inna kwano da shi, kallonka kawai za ta yi har sai ka sauya hannu. Ƙanena bahago ne, ya sha ludayi a bayan hannu kafin ya koyi cin tuwo da dama. Da haka muka tashi: masallaci da ƙafar dama, makewayi da ta hauni, kwanciya a gefen dama, littafin lahira ma ana roƙon a karɓe shi da dama. To ni ce Allah ya kai ga yin wata goma sha ɗaya ina tashi cikin dare ina roƙon ya motsa mini gefen hauni.

Shekara biyu da aurenmu na samu ciki. Ban gaya wa kowa ba sai Malam, maigidana. Cikin sati na bakwai ina tsaye gaban allo ina yi wa yara darasin lissafi, na ji kamar an soka mini wuƙa a mara, gefen dama. Na daure har aka tashi. Kafin magariba jiri ya kama ni, kafaɗata ta ɗauki ciwo, abin da har yau nake mamaki, don daga baya ne na san jinin da ke zuba a cikin ciki shi ke haddasa ciwon kafaɗar. Cikin daren aka yi mini aiki. Da na farka aka ce cikin a wajen mahaifa ya zauna, cikin bututu, bututun ya fashe, an cire shi. Na ji kalmar "trompe", wato bututun da Faransanci, sau da yawa a kwanakin nan. Na yi lakkol, har ina koyarwa, amma abin da na fahimta bai wuce cewa an cire mini rabin haihuwa ba.

Shekara huɗu suka biyo baya, shiru.

Wanda bai zauna Nijar ba ba zai gane nauyin wannan shirun ba. Binciken lafiya na 2012 ya nuna mace guda a ƙasar nan tana haihuwar sama da ƴaƴa bakwai, a lokacin ba ƙasar da ta kai mu a duniya. Ƙawayena da aka yi mana aure damina ɗaya sun yi goyo uku-uku. Kowane sati akwai suna a unguwa, kuma dole ki je, ki kai sabulu da zane, ki ɗauki jinjiri ki ce Allah ya raya, wata tsohuwa ta dafa ki ta ce "saura ke". Ba da mugunta take faɗi ba, shi ya sa ma ba ki da abin cewa. Na sha rubutu, na sha saiwoyi, na yi turare, na zauna cikin ruwan magani mai zafi don wai sanyin mata ne. Kalmar juya ba a taɓa faɗa mini ita a ido ba. Ta bayan zana na ji ta, daga bakin yarinyar da ba ta kai sha biyar ba, wadda ita ma ji ta yi a bakin manya.

Hajiya, uwar Malam, mace ce mai kunya da kawaici, na ba ta wannan. Ranar da ta yi magana, cewa ta yi: "Ɗiyata, ba na son in ga hawayenki, amma shi ma yaron nan shekaru na tafiya." Na ce, "Gaskiya ne, Hajiya." Na koma ɗaki na ƙirga kuɗin adashina, na haɗa da ƴan kunnena na zinari. Satin da aka ba da hutun lakkol na hau kar zuwa Yamai.

Tafiyar ta fi kilomita 500. Ana tashi kafin asuba, a bi Badagishiri, a faɗa babbar hanya a Tsarnawa, sai Ƙonni, Dogonduci, Doso. Na bi hanyar nan har na san inda mai ƙosai mai kyau take da inda bai kamata a sha ruwa ba. A Bukoki nake sauka wurin Gwaggo, ƙanwar babana, wadda ta yi shekara talatin a Yamai amma bakinta na Adar bai canza ba ko kaɗan.

Likitar da na samu mace ce, ba ta cika fara'a ba, amma tana da hali guda da ya fi mini fara'a: takan yi zane. Ta jawo takarda ta zana wani abu kamar kan saniya da ƙahoni biyu. Ta ce kan shi ne mahaifa, ƙahonin su ne bututu, kowanne bakinsa da ƴan yatsu kamar tafin hannu a buɗe. Ƙarƙashin kowane ƙaho ta zana ɗan dabino. "Waɗannan su ne gidajen ƙwai, dama da hauni. Naki duka biyun suna nan, Madam. Ƙahon dama kaɗai aka cire." Shekara huɗu ina zaton an kwashe komai na gefen. Ta ce ɗiya mace da ƙwayayenta ake haihuwarta, miliyan ɗaya zuwa biyu, kafin ta balaga sun ragu zuwa dubu ɗari uku ko huɗu, kuma a duk rayuwarta waɗanda za su nuna su fito ba su wuce ɗari huɗu zuwa biyar ba. Sai ta ƙara da wata magana da na rubuta a kayena, wato littafin rubutuna, amma ban saka ta a zuciya ba: bututu ba a ɗinke yake da gidan ƙwai ba, yana lilo, kuma yakan miƙa ya ɗauko ƙwan da ɗaya gefen ya saki.

Aka yi hoton bututu, wanda ake tura ruwa ta mahaifa a ɗauki hoto a ga ko ya wuce. Na ji zafi kamar na haila mai tsanani, amma ruwan ya bi ta hauni ya zube, hanya a buɗe take. Aka ɗebi jini. Aka ce Malam ma sai an auna shi. Nan muka yi wata guda muna ja. Ya ce shi lafiyarsa lau, ai ya taɓa yi mini ciki. Likita ta ce ba za ta rubuta mini ko ƙwaya ɗaya ba sai ta ga takardarsa, domin a cikin ma'auratan da ke neman haihuwa, kusan rabi akwai hannun namiji a matsalar. Ya je a ɓoye, kamar mai zuwa satar akuya. Takardarsa ta fito ba laifi. Abin da aka samu a wurina shi ne ƙwai ba ya nuna kowane wata, wani lokaci sai na yi kwana arba'in ko hamsin ban ga wanki ba.

Aka fara da klomifen, wanda kowa ya fi sani da Clomid: ƙwaya ɗaya ta miligiram 50 kullum, kwana biyar, daga rana ta uku ta haila. Rana ta goma sha biyu a koma eko, wato hoton da na'ura ke nuna cikin ciki a allo. Ba ekon da ake shafa mai a ciki ba, wanda ake yi ta ƙasa, kuma ranar farko na ji kunyar da ban taɓa ji ba. A allon, jakar da ƙwai ke girma a ciki baƙin da'ira ce kamar bakin rijiya. Ana aunawa da milimita. Takan ƙaru da ɗaya zuwa biyu a yini, in ta kai 18 zuwa 20 ta nuna. Likita ta juya na'urar dama ta ce, "19, ta yi kyau." Ta juya hauni, ta daɗe, ta ce ƙanana ne, babbar cikinsu 9.

Na ce, "Dokta, ai daman ba hanya."

Ta ce, "Na sani. Sa'ar ta ragu, ba ta ƙare ba. A ci gaba."

Ban ji rabin na biyu ba. Tun daga kan gadon nan na yanke wa watan hukunci.

Wata na biyu ma dama, jaka biyu. Na tambaye ta, ba ance karɓa-karɓa suke yi ba, wannan wata dama, na gaba hauni? Ta ce mutane na faɗin haka, har wasu littattafan makaranta, amma ba layi suke bi ba. Kowane wata jakunkuna da yawa ne ke tashi tsere a gefen biyu, wadda ta riga sauran girma ta danne su, ko daga ina take. Ta ce da aka bi matan da yawa ana ƙirgawa, an ga dama ta ɗan fi, wajen 55 cikin ɗari, kuma ko a masu dashen ciki na kwalba sau da yawa akan ɗan fi samun ƙwai a dama. Dalilin da ake zato, in ji ta, hanyar jini ce: jijiyar da ke kwashe jini daga gidan ƙwan dama kai tsaye take zubawa cikin babbar jijiyar da ke komawa zuciya, ta hauni kuwa sai ta fara bi ta jijiyar ƙoda. Ta ce bambancin ƙarami ne, a taron mata ake ganinsa, mace guda tana iya saɓa masa gaba ɗaya. Ni dai abin da na ɗauka shi ne har a cikin cikina dama ce ƴar gata.

A wata na uku haunin ma ɓacewa ya yi. Ta nema, ta nema, ta danna mini mara da hannu, sai ga shi ya leƙo daga bayan hanji. Ashe ƙarshen babban hanji a gefen hauni yake naɗe, iska da bayan gida sukan rufe gidan ƙwan. Ta ce kafin zuwa na gaba in rage wake. Gwaggo ta yi dariya har da hawaye da na ba ta labari, don ita ce ta cika ni da shinkafa da wake daren.

Abin da na yi a watannin nan, yanzu in na tuna sai in rufe fuska. Na koma kwanciya a gefen hauni don wai jini ya gangara can. Ina shafa man habbatus sauda da zaitun a marar hauni safe da yamma, ina tofa addu'a a wurin. Gwaggo ta kama ni wata asuba ta ce, "Ke ɗiyar nan, sunna ta ce dama, ke kin juya hauni, wa kike yi wa wayo?" Na ce, "Gwaggo, lalura ce." Ta ce, "To Allah ya san inda ya ajiye kayansa."

Ɗakin jira makaranta ce. Mata daga Maraɗi, daga Doso, Zabarmawan Yamai, wata Buzuwa daga Agadas da ba ta taɓa cire lulluɓinta ba. Kowa riƙe da ambulan na hotuna, kuma bayan zuwa biyu kowa ta san milimitar kowa. Akwai wata da gidajen ƙwanta biyu cike suke da ƙananan jakunkuna jere kamar carbi, babu mai girma. Akwai wadda aka cire wa gidan ƙwai ɗaya saboda ƙari, ɗayan ya ɗauki aikin duka yana yi kowane wata. Ita ce ta fara sa ni tunanin cewa jiki ba ya lissafi irin nawa na allo. Wata ƴar kasuwa mai baki ta rantse mana cewa ƙwan dama namiji ne, na hauni mace, kakarta ta faɗa mata. Na kai wa likita maganar. Ranar kaɗai na ga haƙoranta. Ta ce tsofaffin likitocin Girka ma sun yi wannan zaton fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, amma ƙwan mace iri ɗaya ne ko daga ina ya fito, maniyyin namiji ne ke zuwa da abin da zai sa a samu ɗa ko ɗiya. Na so a ce Hajiya na wurin, ba don kaina ba, don matar wan Malam mai ƴaƴa mata biyar.

Clomid bai bar ni haka ba. Zafi yakan taso mini daga ƙirji zuwa fuska, ga shi watan Afrilu a Yamai, inda ko mai lafiya narkewa yake. Na yi wa Malam faɗa a waya kan abin da bai kai a ɗaga murya ba. Sannan shimfiɗar cikin mahaifa, inda ciki ke kamawa, ta yi siriri, milimita 6, alhali ana son ta kai 7 ko 8. Likita ta ce maganin yakan yi haka ga wasu, ta sauya mini da letrozol. A nan zan ɗan tsaya. Na san mata a Tawa da ke aika a sayo musu Clomid a farmasi su yi ta sha wata da watanni ba eko, don wata ta sha ta haifi tagwaye. Ni da idona na ga abin da yake yi a ciki, kuma ban ga yadda za a yi mace ta san shimfiɗarta ta sirance ko jaka biyar sun taso lokaci guda ba, in ba an duba ba. Wadda bututunta biyu a toshe suke kuwa, ko buhu ta sha ba inda ƙwan zai bi.

Da letrozol wata ɗaya hauni ya ba da jaka mai 17, muka yi murna, ba a dace ba. Sai aka koma allura, irin wadda ake yi ƙarƙashin fatar ciki kowane dare. Kuɗinta ya cinye ƴan kunnen da rabin albashin wata uku. Ga shi sai an ajiye ta cikin sanyi. Firigon Gwaggo ya tsufa, wuta kuma tana ɗaukewa, sai mu sayo ƙanƙara mu naɗe kwalin da leda mu sa a kula. Zagayen farko na allurar jakunkuna shida suka taso, huɗu dama, biyu hauni, cikina ya kumbura kamar na sha ƙwaryar fura biyu. Likita ta ce a dakata, kada Malam ya kusance ni, don ana iya samun ƴan uku ko huɗu, ko ruwa ya taru a ciki. Na yi kuka a taksi tun daga asibiti har Bukoki. Ga hauni ya amsa, an ce in bar shi.

Zagaye na biyu aka rage allurar, sai ga abin da nake roƙo: jaka guda, 20, a hauni, shimfiɗa 9. Aka yi mini allurar fasa jaka, wadda bayanta da kamar awa 36 ƙwai ke fita. Malam kuwa fataucin albasa yake, yana ɗauko ta daga Galmi ya bi manyan motoci zuwa kudu. Ranar yana kan iyaka, mota ta lalace. Na kira shi na ce, "Malam, ko a ƙafa ne ka zo." Ya bar kayan a hannun yaronsa, ya hau mota uku, ya iso Yamai da ƙura har cikin gira. Gwaggo, Allah ya saka mata, ta tuna da wata ƙawarta marar lafiya a Talaje da dole ta kwana wurinta.

Kwana goma sha huɗu na yi ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da madara. Ranar ta goma sha biyar, ina alwalar azahar, na ga jini.

Wannan ya fi ranar aikin yi mini ciwo. Komai ya cika, gefen da ake so, girman da ake so, lokacin da ake so. Likita ta ce ko ga lafiyayyun ma'aurata matasa, sa'ar ciki a wata guda ba ta wuce ɗaya cikin huɗu ko biyar ba, kuma ba kowane ƙwai da ya nuna ke da ingancin zama ɗa ba. Na ce da na san haka da ban sayar da zinarina ba. Ba ta ce komai ba, ta miƙo mini takardar share hawaye. Albasar Malam kuma rabi ta ruɓe a hanya.

Kuɗi ya ƙare, lakkol ta kusa komawa. Akwai sauran letrozol na zagaye ɗaya, likita ta ce in sha, in zo eko sau ɗaya kafin in tafi. Na zo don kada a ce na ƙi. Dama, 20. Hauni ba komai. Ta rubuta allurar fasa jaka, na karɓi takardar na ninke na sa a jaka, ban ko biya farmasi ba. Washegari na hau kar na koma Tawa. Na daina shafa mai, na koma kwanciyata ta dama. Na ce wa Hajiya in Malam na da wadda yake so, ni ba zan hana ba. Ta daɗe tana kallon tabarma sannan ta ce a bari sai bayan babbar salla.

Sati biyar bayan haka warin daddawa ya fara tayar mini da zuciya. Na sayi abin gwaji a wata unguwa da ba a san ni ba. Layi biyu. Murna ba ta zo ba, tsoro ne ya zo, don wadda ta taɓa yin ciki a bututu ta fi sauran mata haɗarin sake yi, kuma bututu ɗaya ya rage mini. Duk ɗan motsi a mara sai in taɓa kafaɗata in ji ko ta fara. Ban iya jira ba, na nemi izinin kwana uku na kama hanya.

Likita ta daɗe tana kallon allon kafin ta juyo mini da shi. Ta nuna ɗan zobe a tsakiyar kan saniyar, da wani ɗigo a ciki yana ƙiftawa. "A mahaifa yake." Sai ta karkata na'urar ta ce in duba nan. Jakar da ƙwai ya fita daga cikinta takan zama wani ƙulli da ke ciyar da ciki a watannin farko, kuma ana ganinsa. Ƙullin yana dama. Hauni fayau.

Na ce, "Dokta, ta ina ya bi?"

Ta ce, "Kin zo da kayenki? Buɗe shafin farko."

Na buɗe, ga shi da rubutun hannuna, har na ja masa layi da jan bik.

Mace na haifa, ta hanyar aiki. Da ƴar kasuwar nan ta ji ta waya cewa daga dama ƙwan ya fito, sai ta ce to ai tunda ta hauni ya bi, shi ya sa. A kayen, zagaye tara aka duba ni: shida dama, biyu hauni, ɗaya duka biyun. Yanzu yarinyar ta shekara uku. Mun sake gwada letrozol sau uku bara, biyu a ciki hauni ne ya ba da ƙwai, ba a samu komai ba, kuma maganar da aka ɗage zuwa bayan babbar salla ta dawo, an sa rana bayan girbi. Jiya na kai yarinyar gidan Inna, aka zuba mata dambu, ta kai hannun hauni cikin kwano. Inna ta ɗaga ludayi, ta dube ni, na dube ta. Ta ajiye ludayin, ta kama ɗan hannun daman ta sa mata cikin kwanon.